Magarya da Dungas: maganin ciwon sanyi ba ya kammala sai mazaje sun je asibiti

A gundumomin Magarya da Dungas na jihar Damagaram, mata da yara ne suka fi cika asibitoci. Tun shekara ta 2006 awon ciki da kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne a Nijar, kuma ƙungiyar likitoci ta MSF tana aiki a Magarya tun 2005. Sai dai cututtukan da ake ɗauka ta jima'i suna buƙatar a yi wa mata da miji magani tare, kuma yawanci mijin ne ba ya zuwa.

Hukumar lafiya ta duniya ta ce a kowace rana mutane sama da miliyan 1 ne ke kamuwa da irin waɗannan cututtuka masu jin magani, kamar ciwon sanyi da tunjere, kuma akasarinsu ba sa ganin wata alama. Wannan ya fi shafar mata. Ciwon sanyin da aka bari yana iya toshe hanyar ƙwai ya hana haihuwa, ga shi kuma a ƙauyukanmu macen ake ɗora wa laifi, har ta kai ga kishiya ko saki. Tunjere kuwa yana jawo ɓari, ko a haifi jariri ba rai, alhali allurar penisilin ga mai ciki tana kare jaririn in an gano da wuri.

A ƙananan asibitoci, inda kayan gwaji suka yi ƙaranci, ma'aikacin lafiya yana ba da magani ne bisa alamomin da ya gani. Hanyar tana da sauƙi, amma wanda bai da alama ba ya shiga cikinta. Tun 2019 hukumar lafiya ta duniya ta ba da shawarar a riƙa yi wa masu ciki gwaji guda na ɗigon jini mai gano sida da tunjere a lokaci ɗaya. Ya kamata hukumomin lafiya na Magarya da Dungas su tabbatar yana isa har Tsatsumburum, Washa, Gushi da Mallawa ba tare da yankewa ba.

Ga mazaje, yanayin yankin yana ƙara wahalar lamarin. Bayan girbi, magidanta da samari da dama suna tafiya ci-rani Kano da sauran biranen Nijeriya. Wanda ya ji zafin fitsari, kunya takan kai shi wurin mai tallar magani a kasuwa, ya sha ƙwaya biyu, zafin ya lafa, cutar tana nan. Rabin magani irin wannan ne ke sa ƙwayar ciwon sanyi ta daina jin magunguna, abin da likitoci ke kuka da shi a duniya baki ɗaya. In ya koma gida mai mata biyu ko uku, wadda aka warkar a asibiti sai ta sake kamuwa.

Kuɗi ba su ne babban shinge ba kamar da. Maganin rage kaifin sida kyauta ne, kuma a 2024 gwamnati ta rage kuɗin jinya a asibitocinta da rabi. Abin da ya rage shi ne sirri: magidanci ba zai faɗi ciwonsa ba a ɗakin da maƙwabcinsa ke jin komai ta taga.

Yankin yana da abin dogaro. A jihar Damagaram aka fara makarantun mazaje a 2008 da tallafin asusun UNFPA, kuma Bande tana cikin garuruwan da suka yi suna da su. Mazan da suka shawo kan ƴan uwansu su bar mata zuwa awon ciki suna iya shawo kansu su raka su a gwada su tare. In limamai da masu gari suka mara baya, asibitoci kuma suka ware lokacin ganin maza cikin sirri, maganin da ake bai wa mata zai daina tafiya a banza.