Mai gyaran katanga ba ya rushe gida

Yau za mu taɓo wata matsala da ke ci wa masu rubuta manhaja tuwo a ƙwarya, tun daga mu ɗalibai har zuwa ma'aikatan manyan kamfanoni, wato zaman jiran kwamfuta ta gama haɗa abin da aka rubuta.

Ga yadda abin yake. Umarnin da mutum ke rubutawa da yare irin su C ko C++, kwamfuta ba ta gane shi kai tsaye. Sai wata manhaja da za mu kira tafinta ta juya shi zuwa yaren na'ura, sannan a harhaɗa fayil-fayil ɗin su zama abu guda da za a iya kunnawa. Wannan aikin shi ake kira gini. In layi ashirin kuka rubuta a darasin kwamfuta, kafin ƙiftawar ido an gama. Amma tsarin Linux da Linus Torvalds ya fara a 1991 yanzu ya haura layi miliyan 30. Irin wannan, gininsa ba wasa ba ne.

Mu yi ɗan lissafi. A ce gini ɗaya yana cin minti 10, kuma ma'aikaci yana yin sa sau 12 a yini. Awa 2 ke nan ta tafi a zaman jira. In su 50 ne a kan aikin, kullum an yi asarar awa 100. Mu a nan Kano abin ya fi yi mana ciwo, domin yawancinmu da tsofaffin kwamfutoci muke aiki, batir ba ya jimawa, wuta kuma ba ta da tabbas. Ana iya ɗauke ta ginin bai kai ƙarshe ba, ga malami yana jiran aiki gobe da safe.

Kafin a ruga kasuwa neman sabuwar kwamfuta, mu dubi maginan cikin birni. Idan damina ta wuce ta bar tsaga a katangar gidan ƙasa, magini wurin da ya tsage yake bi da yaɓe, sauran gidan ya bar shi yadda yake. Yawancin jinkirin gini a kwamfuta daga maimaita aikin da aka riga aka gama yake zuwa. A 1976 Stuart Feldman na Bell Labs a Amurka ya rubuta wata manhaja mai suna Make. Tana duba lokacin da aka taɓa kowane fayil, sai ta sake fassara wanda ya canza da waɗanda suka dogara da shi kaɗai. Har yau ana amfani da ita.

Dabara ta biyu ita ce rumbu. Tubalin da aka buga ya bushe, ajiye shi ake yi sai ranar buƙata. Haka manhajar ccache, wadda Andrew Tridgell na Ostareliya ya fitar a 2002, take adana abin da tafinta ya fassara. In an sake kawo mata fayil iri ɗaya, sai ta ɗauko daga rumbu. Bazel kuwa, wadda Google ta sakar wa duniya a 2015, tana ba da damar ma'aikata da yawa su yi rumbu guda. Abin da kwamfutar Ladi ta fassara da safe, ta Tanko ba sai ta sake shi da rana ba.

Ta uku ita ce gayya. Ganuwar Kano, wadda tarihi ya ce an fara ta a zamanin Sarki Gijimasu, 1095 zuwa 1134, aka faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa, ba hannu ɗaya ne ya ɗaga ta ba. Kwamfutocin yanzu, har da masu araha, suna da ƙwaƙwalwa biyu ko huɗu ko fiye a ciki. In kun rubuta make -j4, kun ce a yi aiki huɗu a lokaci guda ke nan. Sai dai gayya tana da iyaka. Ko mutum ɗari aka tara, ba a ɗora azara sai bango ya tashi. Shi ya sa ƙwararru ke rarraba aikinsu ƙanana-ƙanana, suna guje wa fayil ɗaya da kowa ya jingina da shi, domin da an taɓa shi sai an sake gina komai.

Amma kafin duk waɗannan, a fara da awo. Ku sa agogo, ku ga wane mataki ne ya fi cin lokaci, ku rubuta a littafi. Ku canza abu ɗaya, ku sake aunawa. Sau da yawa za a tarar fayil biyu ko uku ne suka riƙe aikin gaba ɗaya.

Ga aikin gida. Duk wanda makarantarsu ke da ɗakin kwamfuta, ya raba ƙaramin aikinsa zuwa fayil uku, ya zana a takarda wanne ya dogara da wanne. Wanda ba su da shi, ya ɗauki girkin tuwo da miya ya yi irin wannan zanen: me za a iya yi tare, me kuma dole ya jira wani? Ku aiko mana da zanenku, za mu tattauna mafi kyau a cikinsu mako mai zuwa in Allah ya kai mu.