Laushin Kujera Ba Ya Gyara Shakazoba

Idan tsohuwar Mercedes ta fara jijjiga mai ita, sau da yawa sai ya rage iskar taya. A ganina wannan ganganci ne, domin taya mai ƙarancin iska zafi take yi har ta fashe.

Sifirin ke karɓar bugun rami, amma shakazoba ce ke kashe lilon, ta hanyar matsa mai ta ƙananan kafofi har motsin ya koma zafi. In man ya tsiyaye, wahalar sai ta faɗa kan fayafayan guringuntsi 23 da ke tsakanin ƙasusuwan bayanmu, waɗanda ba a sayar da sababbinsu a kasuwa.

A sauya shakazoba biyu-biyu, hagu da dama tare, a duba robobin da suka tsage. Birki ma sai ya fi kamawa.