Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

A daminar da ta wuce, wani dare da aka yi ruwa da tsawa a Daura, ƙanena ya buga mini waya bayan sallar isha'i. Shi ne mai kula da kwamfutocin wata cibiyar koyarwa mai zaman kanta, wadda ba zan ambaci sunanta ba. Ko gaisuwa bai gama ba ya ce, "Yaya, uwar garke ta ƙi tashi." Na ce masa, "To, ai sai ka ɗauko ajiya ka mayar." Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Ajiyar tana nan, Yaya. Abin da ke cikinta ne ba na yanzu ba."

Da gari ya waye na je na gani da idona. Faifan da suke zuba kwafin bayanai a ciki lafiyarsa ƙalau, sai dai ya cika tun watanni da suka wuce. Kullum dare manhajar tana yunƙurin yin kwafi, tana kasawa, tana rubuta gargaɗi a wani lungu da babu mai leƙawa. Tsohon kwafin da aka samu kuma ya ƙi hawa sabuwar na'urar da suka aro, domin manhajar da ke kanta ta fi wadda aka yi kwafin da ita sabunta. Kusan mako biyu ƙanena ya yi yana bin ɗaki ɗaki, yana saita na'urori da hannu, yana tuno abin da ya tsara shekaru uku baya. Ɗaliban da iyayensu suka biya kuɗin koyon jarrabawa ta kwamfuta suna zuwa suna komawa gida. Saura ƙiris ya rasa aikinsa, alhali shi ne ya daɗe yana roƙon a sayi faifai na biyu.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe daga wannan labari guda ɗaya ne: ajiyar da ba a taɓa gwada maido da ita ba, zato ce kawai. Mutane da yawa suna da kwafi, ƙalilan ne suka san ko kwafin nasu zai tashi ranar da aka neme shi.

Bari in fayyace abin da ake nufi da uwar garke, domin wanda ba sana'arsa ba ce. A duk ma'aikatar da ke da kwamfutoci masu yawa a haɗe, akwai babbar kwamfuta da ke riƙe da ragamar sauran. A cikinta ake rubuta sunan kowace na'ura da adireshinta, da yadda aka saita akwatunan da ke rarraba intanet, da sunayen ma'aikata da kalmomin sirrinsu, da iyakar abin da aka yardar wa kowa ya buɗe, da tarihin abin da ya faru a kan layin dare da rana. Kamar mai unguwa take: ita ta san gidan kowa da iyakar gonar kowa. Idan kwamfutar akawu ta lalace, aikin akawu ne ya tsaya. Idan uwar garke ta faɗi, sauran na'urorin suna nan da ransu, amma babu wadda ta san 'yar'uwarta, kuma babu mai iya shiga ko da takardunsa suna nan daram.

Wannan magana ta shafe mu a Daura fiye da da. Tun daga 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta. Garin nan yana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, yana da Jami'ar Sufuri ta Tarayya wadda aka aza harsashinta a Disambar 2019. Rajistar ɗalibai, sakamakon jarrabawa, albashi, katin asibiti, lambar zama ɗan ƙasa, duk sun bar takarda suna komawa na'ura. A ƙananan hukumomi biyar na masarautar, wato Daura, Baure, Mai'adua, Sandamu da Zango, da wuya ka sami gidan da ba shi da wani haƙƙi da ke kwance a cikin wata kwamfuta. Ga zafin bazara, ga ƙurar hunturu, ga tsawar damina, ga wutar lantarki mai zuwa da ƙarfi bayan ta daɗe ba ta nan. Kowane ɗaya daga cikinsu ya isa ya kashe faifai.

Kada a ɗauka ƙananan cibiyoyi kaɗai abin ke ci. Ranar 27 ga Yunin 2017, wata muguwar manhaja da aka laƙaba wa suna NotPetya ta ɓulla daga Yukren ta bazu cikin duniya. Cikin waɗanda ta kayar har da Maersk, kamfanin jiragen ruwan dakon kaya na ƙasar Denmak, wanda reshensa ke aiki a tashar Apapa. Kamfanin yana da kwamfutoci kusan 150 da ke riƙe da rajistar masu shiga layinsa, kowace tana kwafar 'yar'uwarta, don haka aka ɗauka sun zama ajiyar juna. Da cutar ta zo, sai ta bi igiyar da ta haɗa su ta shafe su lokaci guda. Guda ɗaya ce ta tsira, a nan Afirka ta Yamma. Mujallar Wired ta Amurka ta ce a Gana take, wani babban jami'in kamfanin kuma ya ambaci Legas, amma duk sun haɗu a kan dalili: an ɗauke wuta ne, na'urar ta fita daga layi kafin cutar ta iso. Daga wannan kwafi aka sake gina sauran. Shugaban kamfanin ya bayyana daga baya cewa sun sake saita manyan kwamfutoci 4,000 da ƙanana 45,000 cikin kwana goma, asarar kuma ta kai dala miliyan 250 zuwa 300. Sau ɗaya dai ɗaukewar wuta ta yi rana, amma babu mai hankalin da zai jingina amanar jama'a ga irin wannan sa'a.

A farkon shekarar nan ta 2017 kuma, wani injiniyan kamfanin GitLab ya goge rumbun bayanan da ba shi ya yi niyya ba. Da aka juya neman ajiya, sai kamfanin ya tarar cewa cikin hanyoyi biyar da ya tanada babu wadda ke aiki yadda ya kamata. Ɗaya daga ciki ta daɗe tana kasawa, saƙon gargaɗinta kuma ba ya isa ga kowa. Wani kwafi da aka yi sa'o'i shida kafin kuskuren ne ya cece su, aikin waɗannan sa'o'i shida kuwa ya tafi. Ciwon ƙanena ke nan sak, sai dai su masu kuɗi ne, shi kuwa faifai ɗaya ya gagare shi.

Manomin ƙasar Daura ba ya buƙatar a koya masa wannan darasi. Ba ya zuba iri cikin hatsin ci. Yakan ware shi, ya adana shi dabam, ya riƙa dubawa ko ƙwari sun shiga, domin ya san ranar shuka ba ranar neman iri ba ce. Tarihin garin ma ya nuna haka. Bayan da Malam Isyaku ya karɓi Daura a 1805, zuriyar tsohon gidan sarauta ta ci gaba da riƙe sarautarta a Zango da Baure, har zuwa 1906 da aka dawo da Malam Musa kan gadon Daura. Shekara ɗari ba ta shafe abin ba, saboda yana raye a wani wuri dabam, a hannun mutanen da suka san yadda ake tafiyar da shi.

To, me ya kamata a yi? Masu sana'ar suna da ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: kwafi uku, a kan ma'adana iri biyu, ɗaya kuma a wani wuri nesa. Kwafin da ke ɗaki ɗaya da uwar garke, gobara ɗaya ce za ta cinye su. Wanda ke jone da ita dare da rana, tsawa ɗaya ko muguwar manhaja ɗaya ce za ta haɗa su. Saboda haka lalle a sami kwafin da ake cirewa daga layi a kulle shi a wani gini, ko a aika shi rumbun da ake haya ta intanet. Tunda kuma cike yake da sirrin mutane, dole a rufe shi da mabuɗin sirri, domin Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan jama'a nauyin tsare su. Mabuɗin kuwa kada a bar shi cikin na'urar da ake tsoron mutuwarta.

Sannan a san abin da ake kwafa. Rumbun bayanai kaɗai bai isa ba. Sai an haɗa da fayilolin saiti, da tsarin kowace na'urar rarraba intanet, da lasisin manhaja, da rubutaccen bayani na wane zubin manhaja ake amfani da shi, don kada a maimaita abin da ya sami ƙanena. Duk lokacin da za a sabunta manhaja ko a taɓa saiti, a fara yin kwafi tukuna.

Gwaji shi ne kan gaba. Ko da sau ɗaya a zangon karatu, a ɗauko wata tsohuwar kwamfuta, a ɗauka uwar garke ta mutu, a mayar da kwafin a kanta daga farko har ƙarshe, a duba agogo. Wanda zai yi gwajin ya kasance mutum na biyu, yana bin matakan da aka rubuta a takarda, domin ranar da abin zai faru mai yiwuwa ne na farkon yana kan hanyar Kano ko yana kwance a asibiti. Takardar kuma a buga ta a ajiye a durowa. Umarnin da ke cikin na'urar da ta mutu ba ya karantuwa.

Maganata ta ƙarshe ga shugabanni ce, masu sa hannu a kan kuɗi. Ba sai kun iya kwamfuta ba. Ku kira mai kula da ita ku yi masa tambaya uku: Idan na'urar nan ta mutu yau, aikin kwana nawa za mu rasa? Kwana nawa za mu yi kafin mu dawo aiki? Yaushe ne rabonka da gwada maidowa, kuma wa ya shaida? Idan ya amsa da in-ina, kada ku yi masa faɗa. Ku tambaye shi abin da yake buƙata, ku ba shi. Sau da yawa kuɗin bai kai na kujerun ofis ɗaya ba, amma da yake ajiya ba ta da bikin buɗewa, ita ake fara yankewa a kasafi.

Ƙanena ya sami faifansa na biyu bayan ɓarna ta auku. Yanzu kowace Juma'a yakan cire ɗaya ya kai shi wani gini, ya jona ɗayan, kuma kowace safiya kafin ya zauna sai ya karanta saƙon da manhajar ta bari. A watan jiya shi da abokin aikinsa sun gwada maidowa, suka gama kafin la'asar. Ya ce mini tun da ya kama aikin bai taɓa barci mai daɗi irin na wannan dare ba. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Sai mun haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.