Faifan da aka ƙirga da waƙar da aka bari

Tun da shekarun 2010 suka ƙare, mujallun kiɗa na Amurka da Ingila suka jera faya-fayan da suka ce sun fi kowane a cikin shekaru goman, wata magana ta samu gindin zama a bakin wasu masu ilimin boko na jihar Tawa. Cewa suke yi Nijar ta fita kunya a idon duniya da jitar Abzinawa, amma ƙasar Hausa, daga Ƙonni zuwa Malbaza har Illela, ba ta haifi komai ba a wannan zamani. Maganar nan ba ta da tushe, kuma abin takaici shi ne daga bakin malaman makaranta take fita zuwa kunnen ɗalibai.

Babu mai musun darajar waɗannan faya-fayai. Bombino, ɗan Agadas, ya fitar da Agadez a 2011, da Nomad a 2013 wanda Dan Auerbach ya shirya a Amurka, sannan Deran na 2018 ya sa ya zama ɗan Nijar na farko da aka sa cikin takarar kyautar Grammy. Matan Illighadad, ƙauyen da ke yankin Abalak a cikin jihar Tawa ɗin nan, sun fitar da Eghass Malan a 2017, suka haɗa kiɗan tande na mata da jita. Mdou Moctar ya fitar da Ilana a 2019, kafin kamfanin Matador na New York ya ɗauke shi da Afrique Victime a 2021. Duk mai kunne ya san aiki ne na ƙwarai, kuma wanda ya raina shi don ba da Hausa aka rera ba, ya raina ƙasarsa ne.

Abin tambaya shi ne: wa ya ƙirga, kuma da wane mudu ya auna? Jerin mujallun nan faifai yake ƙirgawa, watau waƙoƙi takwas ko goma da aka ɗauka a situdiyo, aka yi musu bango da suna da shekara, wani kamfani ya aika wa ƴan jarida. Mawaƙin da ya kwana yana wasa ƴan kokowa da kalangu, ko zabiyar da ta riƙe biki kwana uku a Galmi, ko mai gurmi da ke bin kasuwar Badagishiri, babu ɗayansu da ke aiki da wannan mudu. Waƙarsu a fili take haihuwa, ta bi kaset jiya, ta bi memori da salula yau. Wanda ya tafi kasuwar albasa da ma'aunin zinariya, ya dawo ya ce bai ga kaya ba, ba kasuwar ce ta yi laifi ba.

Tarihin Mdou Moctar kansa ya isa ya rufe bakin masu wannan magana. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, da irin na'urar gyaran murya da kiɗan kwamfuta da mawaƙan finafinan Hausa suka saba da su. Hanyar motar da ta haɗa Abalak da Sakkwato kuwa ta Tawa da Tsarnawa da Ƙonni ta bi. Babu kamfanin da ya rarraba waƙoƙin. Daga waya zuwa waya suka yi ta tafiya ta Bluetooth har suka kai arewacin Mali, inda Ba'amurke Christopher Kirkley ya ji su, ya sa ɗaya a cikin tarin Music from Saharan Cellphones da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar a 2011. Ashe salon da wasu malamai ke kira nanaye da yatsina fuska, shi ne ya fara ɗaukar muryar da suke alfahari da ita yau. Shekara uku waƙar tana yawo a aljihun direbobi da ƴan kasuwa ba wanda ya rubuta mata layi ɗaya. Ranar da aka buga ta a Portland ta zama abin nazari.

Ko a cikin faya-fayan ma ba a rasa Hausa ba. Tal National na Yamai, waɗanda kamfanin FatCat na Ingila ya fitar wa Kaani a 2013 da Zoy Zoy a 2015, suna rerawa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek. Sai dai wanda ya saba da labarin raƙumi da rawani da rairayi ba ya tsayawa ya saurari sauran.

Laifin gaske ba na ɗan jaridar Landan ba ne; shi abin da ya zo teburinsa ya ji. Laifin yana gida. Ƙasar da ta sa wa babbar gasar kiɗanta sunan Ɗan Gurmu, mawaƙin Tawa, tun a shekarun 1980, ta kuma fara gasar kokowar takobi a Tawa a 1975, ta san darajar mawaƙinta ba tare da wani ya faɗa mata ba. Kaset ɗin Ɗan Anace da na Ɗanƙwairo da na Shata ba su nemi biza ba kafin su tsallaka iyaka su cika kowane shago a Ƙonni. Amma a tambayi ƙungiyoyin al'adu na waɗannan yankuna uku sunayen mawaƙa goma da suka yi tashe tsakanin 2010 da 2019, da garuruwansu, da wanda ya koya musu, a ga ko akwai takarda. Ana taro, ana jawabi da Faransanci a kan kare al'ada, a ci abinci a watse, memorin da ke ɗauke da waƙoƙin kuwa ya lalace a shagon mai cajin waya, ko a goge shi a zuba fim.

Kaset yana iya kwana shekara talatin a cikin kwali, a kaɗe masa ƙura ya yi magana. Memori ba haka yake ba, kuma waƙar da ke cikinsa sau da yawa lamba ce kawai take ɗauke da ita, babu sunan mawaƙi, babu shekara. Aikin da ake bukata bai fi ƙarfin malami ɗaya da ɗalibai biyar ba: a je wurin masu tura waƙa a tasha da kasuwa, a kwafe abin da ke wurinsu, a rubuta wanda ya rera, da garinsu, da kayan kiɗan, da wanda aka yi wa waƙar, da shekarar. A ajiye kwafi ɗaya a gidan matasa da al'adu na garin, a aika da ɗaya cibiyar CELHTO ko IRSH a Yamai, inda ake adana irin wannan tun da daɗewa. Masu tura waƙar nan sun san wace waƙa aka fi nema a kowace damina, kuma har yanzu suna zaune a rumfunansu.