Wa ke da Iko da Baƙo a Amurka?

Ƙasar Amurka jihohi 50 gare ta, kowace da gwamnanta da majalisarta mai shirya dokoki, ba kamar jihohinmu ba waɗanda doka guda ke riƙe da su daga Yamai. Can sama kuma akwai gwamnatin tarayya a Washinton.

Cikin shekara ta 2010 jihar Arizona, wadda ke kan iyaka da Meksiko, ta ce gwamnatin tarayya ta yi sakaci, baƙi marasa takardu sun yi yawa. Gwamna Jan Brewer ta sa hannu bisa wata doka mai tsanani, gwamnatin shugaba Obama ta kai ƙara. Ran 25 ga watan Yuni 2012 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, alƙalai 5 suka rinjayi 3.

Kotu ta soke abu uku: hukunta baƙo don bai riƙe takardunsa ba, hukunta shi don ya nemi aiki, da kama shi ba tare da takardar alƙali ba bisa zaton ya cancanci kora. A ganinmu wanga hukunci daidai ne. Baƙo ɗan wata ƙasa ne, in an wulaƙanta shi ƙasarsa ba ta zuwa wurin gwamnan Arizona, Washinton za ta tuhuma. Wanda zai amsa tuhuma shi ya kamata ya riƙe doka. In kowace jiha ta yi tata, matafiyi sai ya kwana mai gaskiya nan, ya wayi gari mai laifi can.

Amma kotu ta bar ƙaya guda. Ta yarda ɗan sanda, in ya tsaida mutum don wani laifi, ya binciki takardunsa muddin yana zaton baƙo ne marar takardu. To, da mi ake zato? Da fata, da harshe, da tufafi. Alƙalai suka ce a dakata a ga yadda za a yi aiki da ita. Shaida ba ta jima ba: cikin 2013 wani alƙalin tarayya ya tabbatar ƴan sandan gundumar Marikopa, a hannun Joe Arpaio, suna tsaida mutane don kamarsu ta ƴan Meksiko, kuma cikin waɗanda suka kai wannan ƙara har da ɗiyan Amurka.