Zanen Injiniya: Baiwa ko Tarbiyya?

Haƙƙi ne a kan ma'abota ilmi su jinjina wa Farfesa Sheryl Sorby, wadda, bayan ta sha wuyar zanen injiniya a zamanin ɗalibtarta, ta assasa darasi tare da Beverly Baartmans a Jami'ar Fasaha ta Mishigan, Amurka, a 1993, domin ɗaliban da suka gaza sawwara abu a zuci su jujjuya shi. Sai a ba su 'yan tubalan roba su harhaɗa, su duba ta sama da ta gefe, sa'an nan su zana da fensir. Daga bisani kuwa ta kai wannan tadrisi makarantun yara, musamman saboda 'yan mata. A ganina hujjarta ta tabbata, wannan basira koyonta ake yi, kuma zalunci ne a sallami ɗalibi kafin a koya masa.