Waya Ba Ta Rubuta Labari



Duk taron da muka zauna kuka ɗaya ne: waya ta kashe karatu, intanet ta lalata tarbiyya, littattafan batsa sun cika WhatsApp. To wa ya rubuta su? Yatsun wani daga cikinmu ne suka danna haruffan, shi ne kuma ya tura lambar asusu ya karɓi kuɗin.

Mu tuna, a 2007 an ƙona littattafan soyayya a Kano ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, bisa zargin suna ɓata 'yan mata 'yan makaranta. Lokacin ko ƙirƙiro WhatsApp ba a yi ba. Takarda ce ta sha zagin da waya ke sha yau.

Ba mu wanke waya tas ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: tana raba hankali, tana sauƙaƙa satar littafi. Amma ita ce ta ba matar aure a Gusau ko Maraɗi masu karatu ba tare da ta biya kuɗin ɗab'i ba.

Ranar da muka yarda na'ura ce mai laifi, mun ba iyaye da mazaje hujjar ƙwace waya daga hannun masu rubutu mai tsafta, masu batsa kuwa su sauya suna su ci gaba. Don haka mu daina tallata littafin da ba za mu iya miƙa wa ƙannenmu ba, ko da na abokinmu ne.

Allah Ya ƙara basira.